GODIYA GA ALLAH A ƘOFAR GIDA

Zuwa ga 'yan'uwa sababbin masu bi, da dukan masu neman sanin hanyar Ubangiji Yesu Kristi, a Danchadi da ƙauyukan ƙasar Bodinga da Shagari.

A ƙasarmu babu kalmar da ta fi godiya yawa a bakin mutane. Kadan ka iske mutum a gona ka ce masa, "Ina aiki?" sai ya amsa, "Da godiya." Kadan ka tambayi tsohuwa kwanan gida, sai ta ce, "Lafiya lau, mun gode Allah." Wannan al'ada ce mai kyau wadda muka gada wurin iyaye, kada kuwa mai bin Yesu ya yar da ita. Amma kalma tana kama da tsohon kwabo: in ta daɗe tana yawo hannu da hannu, rubutun da ke kanta ya kan goge. Mutum ya kan ce "mun gode Allah" sau ashirin a yini, zuciyarsa kuwa ba ta tuna da Allah ba ko sau ɗaya. Nufin wannan 'yar takarda shi ne ta taimake ka, ya ɗan'uwa, ka mai da rubutun nan bisa kwabonka, ta wurin duban abubuwan da Allah ya ajiye kewaye da gidanka.

DON ME WANNAN MAGANA TA SHAFE KA

Wanda ya shiga hanyar Yesu sabo ya kan gamu da wahala da ba ya zata ba. Wani abokansa sun janye jiki daga gare shi. Wani 'yan'uwansa sun daina cin tuwo da shi a ƙwarya ɗaya. Wata kuma ana yi mata habaici a bakin rijiya. Sa'anda abu irin wannan ya faru, ido ya kan kafe a kan abin da aka rasa, har ya makance ga abin da aka samu. Daga nan gunaguni ke farawa, gunaguni kuwa tsaga ce a bangon zuciya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka karanta labarin Isra'ilawa cikin Littafin Lissafi, sura 11. Allah ya fisshe su daga bauta a Masar, yana kuwa sauko musu da abinci kowace safiya tare da raɓa. Da idonsu ya saba da wannan al'ajibi, sai suka raina shi. Suka zauna suna kuka, suna tuna kifi da albasa da tafarnuwa na ƙasar da aka bautar da su. Ba da daɗewa ba suka soma shawarar naɗa shugaba su koma Masar. Ka lura da yadda abin ya bi da bi: da fari sun daina gani, sa'an nan suka daina godiya, a ƙarshe suka nemi komawa baya. Manzo Bulus kuma, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 1, ya nuna cewa lalacewar 'yan Adam ta soma ne sa'anda suka ga ikon Allah cikin halitta amma suka ƙi girmama shi, suka ƙi gode masa. Domin wannan, godiya tana cikin manyan abubuwan da ke tsare bangaskiyar sabon mai bi.

MAKARANTAR DA BA TA DA BANGO

Ubangijinmu Yesu ya san damuwar talaka, gama shi kansa a gidan masassaƙi ya girma. Sa'anda ya ga almajiransa suna alhini a kan abinci da sutura, bai aike su wata ƙasa mai nisa su nemo hikima ba. Cikin Bishara ta hannun Matta, sura 6, ya umarce su su dubi tsuntsaye, waɗanda ba su da gona balle rumbu, duk da haka Uba yana ciyar da su. Ya umarce su kuma su lura da furannin jeji, waɗanda adonsu ya fi na sarki Sulemanu, ko da shi ke kwanansu kaɗan ne. Abin da ya koya musu ke nan: wanda ya kula da waɗannan ƙananan abubuwa ba za ya manta da 'ya'yansa ba.

Wannan makaranta a buɗe take a Danchadi kamar yadda take a ƙasar Galili. Ba a biyan kuɗi, ba a kuwa tambayar ko mutum ya iya karatu. Bari mu shiga mu ɗauki darasi kaɗan.

Ka dubi gawo da ke tsaye cikin gonarka. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina su zubar da rani, gawo kuwa ya saɓa musu. Sa'anda ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganyensa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta sami hanyar kai wa ga hatsin da ke ƙarƙashinsa. Masana sun gane cewa a saiwoyinsa akwai waɗansu 'yan halittu da ido ba ya gani, masu ɗebo abincin shuka daga iska su ajiye cikin ƙasa. Shi ya sa kowane manomi ya san gero ya fi kyau a gindin gawo. Da rani kuma, sa'anda ciyawa ta ƙare, zafi ya tsananta, sai ga shi kore shar, yana ba dabbobi inuwa, yana zubo musu 'ya'yansa su ci. Wa ya koya wa itace wannan tsari? Ka taɓa tsayawa a gindinsa ka gode wa wanda ya shirya shi haka?

Ka dubi kuka a bayan gari. Ganyenta miya ne, ɓawonta igiya ne, garin 'ya'yanta kuwa abin sha ne mai amfani ga jiki. Amma mutane da yawa sun tsufa a inuwarta ba su taɓa lura da furenta ba. Fari ne fat, babba, yana reto a kan doguwar tsinka. Da almuru yake buɗewa, jemagu su zo da dare su sha zaƙinsa, suna ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, ta haka kuka ke samun 'ya'ya. Kashegari furen ya yi yaushi. Allah ya ƙawata abin da za ya kwana ɗaya tak, cikin duhu, inda kusan ba mai gani. In haka yake yi da furen dare ɗaya, ina misalin kulawarsa da kai?

Ka dubi shamuwa. Kafin ruwan fari ya sauka sai a wayi gari a gan ta bisa itace a tsakiyar gari tana gyaran sheƙa, yara su yi murna, manya su soma gyaran kayan noma. Tana cin fara da tsutsotsi masu ɓarna a gona. In damina ta wuce sai ta tashi ta nufi ƙasashen gabas da kudancin Afirka, tafiyar dubban kilomita, ba jagora, ba guzuri. Badi kuma ta dawo a kan kari. Annabi Irmiya, cikin sura 8, ya kunyata mutanensa da misalin irin wannan tsuntsu: tsuntsu ya san lokacinsa, su kuwa sun jahilci hukuncin Ubangijinsu.

Ka dubi jar akuya da ke ɗaure a turke. Fatar akuyar Sakkwato ta yi suna a duniya tun zamanin da ayari ke ƙetare hamada da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafai bango da ita. Abin jima kuwa, wato bagaruwa, Allah ya tsirar da shi a ƙasa ɗaya da akuyar. Ya ba da fata, ya ba da abin gyara ta, ya kuma ba majemi da baduku hikimar hannu.

Ka dubi dogon yaro da kake hutawa a ƙarƙashinsa sa'anda zafin bazara ya kai ma'auni 40 har ya wuce. Asalinsa itacen ƙasar Indiya ne. A shekarar 1928 aka soma dasa shi a Barno, daga baya ya bazu ko'ina a Arewa. Wani ne ya dasa wanda ke ƙofar gidanka, ya yi ta ba shi ruwa yana kare shi daga awaki, wataƙila kuwa bai rayu ya sha inuwarsa ba. Ka gode wa Allah domin itacen, ka gode masa kuma domin hannun da ya dasa.

In dare ya yi, ka ɗaga kai. Ga Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda Allah ya tambayi Ayuba a kansu cikin sura 38, ko shi ne ya ɗaure su wuri ɗaya. Ga Zara kusa da wata. Da asuba kuma ga rana tana fitowa bayan danga. Nisanta daga gare mu wajen kilomita miliyan 150 ne, haskenta ya kan yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso tsakar gidanka. Ba ta taɓa makara ba, ba a kuwa taɓa aiko maka da takardar biyan kuɗinta ba. Hausawa sun ce wanda ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Tun da ba mu iya gyara ko ɗaya cikin waɗannan, abin da ya kamace mu shi ne mu karɓa hannu biyu.

KURAKURAI BIYU DA ZA KA GUJE MUSU

Na fari shi ne tsoron halitta. Tun dā akwai masu cewa kuka da tsamiya mazaunin iskoki ne, har a kan kai musu jini ko fura domin neman lafiya ko haihuwa. Mai bin Yesu ya rabu da wannan. Itace bawan Allah ne kamarka, ba shi da ikon ba ka, ba shi da ikon hana ka. Wanda sarki ya aiko masa da riga ba ya durƙusa wa rigar; sarki yake yi wa godiya. Sa'anda mutanen Listra suka so su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, kamar yadda aka rubuta cikin Ayyukan Manzanni sura 14, manzannin suka hana su, suka juyo da hankalinsu ga Allah mai rai, wanda ruwan sama da albarkar kaka shaidu ne na alherinsa. Ka ratsa gindin kowane itace da rana ko da dare ba tare da fargaba ba, gama Ubanka ne ya yi shi.

Na biyu shi ne ɓarna. Ba shi yiwuwa mutum ya ce ya gode da kyauta, sa'an nan ya tattake ta a gaban mai bayarwa. Cikin Littafin Farawa, sura 2, aikin fari da Allah ya ba Adamu shi ne noman gona da kiyaye ta. Ga misali daga maƙwabtanmu. A ƙasar Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, an sare itatuwa har iska ta riƙa binne shuka da rairayi. A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Ya shawarci manoma su zaɓi toho mai ƙarfi su bar shi, su rage sauran, su kiyaye shi har ya girma. Manoma, Musulmi da Kirista, suka karɓi dabarar suna koya wa juna, har masana suka ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5. Kyautar tana nan tun dā a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Abin da ya rage shi ne ido ya gan ta. Kai ma, in ka je sassabe bana, ka bar ɗan gawo da ka tarar. Wannan ma godiya ce.

GOMA SUKA WARKE, ƊAYA YA KOMO

Cikin Bishara ta hannun Luka, sura 17, kutare goma suka tsaya daga nesa suna roƙon Yesu ya ji ƙansu. Ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya kuwa duka suka tsarkaka. Ɗaya kaɗai ya juyo, yana yabon Allah da murya mai ƙarfi, ya fāɗi a gaban Yesu yana godiya. Shi kuwa Basamariye ne, baƙo wanda Yahudawa ke rainawa. Yesu ya tambaya ina sauran taran.

Mutanen ƙasar Sakkwato sun san nauyin wannan labari. Tun ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan SIM suka riƙa jiyyar masu wannan ciwo a Amanawa, kafin asibitin ya koma hannun gwamnati. Yau kuwa akwai maganin da ke warkar da cutar sarai. Ka yi tunani: taran nan ba su ƙi kyautar ba, sun karɓa, sun tafi da ita gida. Abin da suka rasa shi ne mai kyautar. Wanda ya komo ya sami lafiyar jiki kamar sauran, ya ƙara da sanin Mai Ceto fuska da fuska. Haka yake a kowace safiya. Dukan gari suna shan hasken rana ɗaya da ruwan sama ɗaya, amma wanda ya juyo ya gode shi ne ke saduwa da Allah a cikinsu. Yaba kyauta tukwici, in ji masu magana. Allah kuwa ba ya bukatar wani tukwici daga hannunmu sai wannan.

IN RUWA YA ƘI FA?

Wataƙila za ka ce, "Godiya tana da sauƙi da kaka, sa'anda rumbu ya cika. Yaya za a yi a shekarar fari?" Tambaya ce ta gaskiya. Dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984, sa'anda shuka ta ƙone, shanu suka mutu, mutane suka watsu neman abinci. Littafi Mai Tsarki bai umarce ka ka ce yunwa tana da daɗi ba, bai kuwa hana ka kuka ba. Zabura cike take da kukan bayin Allah. Abin da Bulus ya koya wa Tasalonikawa, cikin wasiƙarsa ta fari sura 5, shi ne su riƙa godiya cikin kowane hali. Annabi Habakkuk, a ƙarshen littafinsa, ya ƙudura zai yi murna da Allah ko da gonaki sun ƙi, garke kuma ya ƙare. Bulus da Sila, bayan an yi musu bulala an sa su a turu a Filibi, da tsakar dare aka ji suna raira yabo.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗannan mutane ba a ranar wahala suka koyi godiya ba. Sun saba da ita tun a kwanakin sauƙi. Kamar yadda mai hankali ke zuba hatsi a rumbu da kaka domin bazara, haka mai bi ke tara shaidun alherin Allah a zuciyarsa, domin ranar da ido ba za ya ga kome ba sai ƙura. Ka tuna da gawo, wanda ke yin ganye sa'anda sauran itatuwa suka bushe, gama saiwarsa ta nutsa har inda ruwa yake.

YADDA ZA KA KOYA

1. Da safe, kafin ka yi magana da kowa a kan damuwarka, ka fita tsakar gida ka dubi abu ɗaya da kyau: raɓa a kan ganyen kabewa, ko kurciya a bisa danga, ko furen duma. Ka kira sunansa a gaban Allah, ka gode masa dominsa. Kada ka ce "na gode domin kome" kawai, gama wanda ya gode domin kome a dunƙule sau da yawa bai lura da kome ba.

2. Kafin cin abinci, ka tuna da hanyar da tuwon ya biyo: iri, ruwa, rana, ƙarfin mai noma, hannun mai daka. Ka yi addu'a a fili domin yara su ji.

3. Da maraice, ka tara iyalinka, kowa ya faɗi abu ɗaya mai kyau da ya gani yau. Ku karanta Zabura 104 ko 19 ko 65 kaɗan kaɗan. In kai kaɗai ne mai bi a gidanku, ka yi wannan a zuciyarka. Uba yana ji.

4. Sa'anda ka ji gunaguni na tasowa, ka kai kukanka wurin Allah da gaskiya, amma kada ka tashi daga addu'a sai ka lissafta alheransa uku da idonka ya gani a ranar.

5. Ka dasa itace, ka kiyaye shi. Kada ka bar yara su rushe sheƙar tsuntsu a banza. Kada ka ɗora wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa, ko ka bar dabba da ƙishirwa a rana.

6. Ka raba abin da ka samu. In zogalenka ya yi ganye, ka aika wa maƙwabciya, ko da tana cikin masu yi maka habaici. Allah yana sauko da ruwa a gonar mai gode masa da ta wanda ba ya godewa. Ɗa kuwa ya kan ɗauki halin ubansa. Fuska mai fara'a da hannu mai kyauta wa'azi ne da kowa ke iya karantawa.

KYAUTAR DA TA FI DUKA

Ya kai mai bincike, wanda ba ka riga ka ba da kanka ga Yesu ba, ka ji wannan. Gawo da shamuwa da taurari suna shaida cewa Allah mai iko ne, mai hikima, mai alheri. Amma ba su iya gaya maka yadda za a gafarta zunubinka. Dukanmu mun ci arzikin Allah shekara da shekaru ba mu gode ba, wannan kuwa bashi ne da ba mu iya biya. Domin haka Allah ya aiko Yesu Kristi, ya mutu a kan giciye sabili da zunubanmu, ya tashi daga matattu a rana ta uku. Wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi yana samun gafara, ya zama ɗa a gidan Allah. Daga ranar kuwa duniya ta kan sake kama a idonsa. Baƙo yana duban gona ya ce tana da kyau, ya wuce. Ɗan gida kuwa yana dubanta ya ce, ta Ubana ce. Kada ka zama cikin taran nan. Ka juyo yau.

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, Mahaliccin sama da ƙasa, mun gode maka domin rana da ruwa, domin itatuwan gonakinmu da tsuntsayen gidajenmu, domin hatsi da dabbobi da barcin dare. Ka gafarta mana makantar zuciya da yawan gunaguni. Ka buɗe idanunmu mu ga aikin hannunka, ka koya mana mu kiyaye shi, mu kuma raba da maƙwabtanmu. Ka riƙe mu cikin godiya a shekarar ƙoshi da shekarar fari. Fiye da kome mun gode maka domin Yesu Kristi Mai Cetonmu, wanda cikin sunansa muke roƙo. Amin.